Allurar da Babu Ruwan Magani a Cikinta

Idan aka ce wa Bahaushe za a yi masa allura, ya san akwai ruwan magani a cikin sirinji, ƙarfen kuwa hanya ce kawai da ruwan zai bi ya shiga jiki. Allurar Sinawa ta saɓa wa wannan. Siririn ƙarfe ne da bai fi gashin jelar doki kauri sosai ba, ba shi da rami a ciki, ba ya ɗauke da komai. Mai magani zai soka goma ko ashirin a wuraren da ya zaɓa, ya ɗan murza su da yatsu, ya bar mutum kwance minti ashirin ko talatin, sannan ya zare. Sukan shi ne maganin. Turawa na kiran abin akufanca. Sinawa na cewa zhenjiu, kalmar da ta haɗa aiki biyu: suka da allura, da ƙona busasshen ganye a kan fata ko kusa da ita domin ɗumama wurin.

Masu tallar wannan magani, daga Beijing har Landan, da tsufansa suke buɗe baki. Wasu su ce ya shekara dubu uku, wasu su ce dubu biyar, kamar dai tsufa shi ne shedar aiki. Abin da ƙasa ta fitar bai kai haka ba. A farkon shekarun 1970 aka tono kaburburan Mawangdui kusa da birnin Changsha, aka sami rubuce-rubucen magani a kan siliki cikin wani kabari da aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa. Rubutun ya lissafa hanyoyi goma sha ɗaya a jikin ɗan Adam, ya yi bayanin ƙona ganye a kansu, amma bai ce a soka allura ba. Sai a littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa bayan wannan lokaci da kaɗan, allura ta fito sosai. Shekara dubu biyu da 'yan kai ke nan. Tsufa ne babba, ba ya bukatar ƙari.

Tunanin da ke ƙarƙashin aikin ya fi alluran kansu ban sha'awa. Sin daula ce ta koguna da magudanan ruwa da hannu ya haƙa, kuma da wannan ido malamanta suka kalli jiki. Suka ce akwai wani abu mai suna qi da ke gudana cikin manyan hanyoyi goma sha biyu, daidai da manyan koguna goma sha biyu na ƙasar, akwai kuma wuraren suka 365, daidai da kwanakin shekara. Ciwo shi ne toshewar magudana ko ambaliyarta. Mai allura kamar manomin rani yake: ya buɗe nan, ya toshe can, har ruwa ya kai kowane fangali. Lissafi ne mai kyau, sai dai daga sama da ƙasa aka ɗauko shi aka ɗora wa jiki. Masu fiɗa sun ga jijiyoyin jini, sun ga jijiyoyin laka, har yau babu wanda ya ga waɗannan hanyoyi goma sha biyu.

Alluran farko ma ba irin na yau ba ne. Tsohon littafin ya kawo iri tara, cikinsu akwai mai kaifi uku don fitar da jini, akwai mai kama da takobi don fasa ƙurji. Duk wanda ya taɓa ganin wanzami yana tsaga ko sakiya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Haka ƙaho: Sinawa ma da ƙahon dabba suka fara kafin su koma gora da gilashi, kuma shi ne ya bar jajayen tabon da duniya ta gani a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps a wasannin Olympics na Rio na 2016, 'yan jarida suna ta mamaki kamar yau aka ƙirƙiro shi.

A 1027, zamanin daular Song, wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai girman mutum, da ƙananan huji a kowane wurin suka. An ruwaito cewa in za a yi jarrabawa sai a shafe shi da kakin zuma a cika shi da ruwa. Ɗalibin da ya soka daidai, ruwa ya ɗigo, ya ci. Wannan gwaji yana nuna ko ɗalibi ya haddace taswira. Ko taswirar kanta gaskiya ce, wannan tambaya sai da ta jira kusan shekara dubu.

Kafin nan allurar ta sha faɗuwa a gidanta. A 1822 sarki Daoguang ya hana yin ta a cibiyar likitocin fada, yana ganin ba ta dace da jikin sarki ba, ta koma hannun masu yawo ƙauye-ƙauye. A 1929 wani kwamitin lafiya na gwamnatin 'yan kishin ƙasa ya amince da shawarar a kawar da tsohon magani baki ɗaya, da turin wani likita mai suna Yu Yunxiu. Masu maganin gargajiya suka yi gangami a Shanghai ranar 17 ga Maris, gwamnati ta ja da baya. Amma sun ji tsoro, kuma tsoron ne ya sa suka gyara sana'ar. Cheng Dan'an, wanda ya je Japan ya gano yadda ake yi a can, shi ya ja gaba a shekarun 1930: ya watsar da manyan allurai, ya rungumi siririyar nan da muka sani, ya sake tsara wuraren suka yana duban taswirar jijiyoyi ta likitancin zamani. Bayan 1949 Mao Zedong ya tarar da ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin mutane da likitoci 'yan kaɗan. A 1956 aka buɗe kwalejojin maganin gargajiya a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu, aka tattara mazhabobi masu saɓa wa juna aka narka su cikin manhaja ɗaya. Allura ba ta da tsada, ba ta ƙarewa, ba ta bukatar firji, don haka ta shiga jakar “likitoci marasa takalmi” da aka baza ƙauyuka daga ƙarshen shekarun 1960. Likitan Mao, Li Zhisui, ya rubuta daga baya cewa shugaban ya faɗa masa shi kansa ba ya shan maganin gargajiyar da yake tallatawa. Abin da ake sayar wa duniya yau da sunan gadon kaka da kakanni, to, da yawansa ɗinkin ƙarni na ashirin ne da tsohon yadi.

Shigarsa Amurka ma da kuskuren ji ya zo. A Yulin 1971 ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya kamu da ciwon afendis a Beijing. Aka yi masa tiyata da maganin kashe zafi na asibiti, yadda ake yi ko'ina. Bayan kwana biyu cikinsa ya kumbura yana ciwo, aka soka masa allurai, ya ji sauƙi, ya rubuta labarin. Kafin labarin ya zagaya, ya zama wai an fede shi da allura kaɗai. Ziyarar da shugaban Amurka Nixon ya kai Sin a 1972 ta ƙara wa wutar itace.

To, yana aiki? A nan ne nazarin ya fi daɗi, domin gwada allura ya fi gwada ƙwaya wuya. Ƙwayar bogi mai sauƙi ce: a ba wasu ta gaske, a ba wasu garin sitaci mai kama da ita, a kwatanta. Amma yaya za a soki mutum da ƙarya? A 1998 wani likitan Jamus, Konrad Streitberger, ya fito da allurar da ke komawa cikin mariƙinta in an danna, irin wuƙar 'yan wasan kwaikwayo. Mutum ya ji tsini, ya ga kamar ta shiga, alhali ba ta huda fata ba. Wasu masu binciken kuma suka riƙa soka allurar gaske sama-sama a wuraren da ba su cikin taswira.

Kamfanonin inshorar lafiya na Jamus, da yake su ke biyan kuɗin, suka ɗauki nauyin manyan gwaje-gwaje da aka sani da GERAC. Wanda aka yi kan ciwon baya mai daɗewa, aka buga a 2007, ya haɗa mutum 1,162 da aka kasa gida uku. Bayan wata shida, cikin waɗanda aka yi wa allura bisa ƙa'idar Sinawa, kashi 47.6 cikin ɗari sun sami sauƙi. Cikin waɗanda aka soka a wuraren banza, kashi 44.2. Cikin waɗanda suka tsaya kan ƙwayoyi da motsa jiki irin na asibiti, kashi 27.4 kacal.

Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi. Masu allura suka ce ga shi nan, mun kusa ninka asibiti. Masu shakka suka ce ku dubi lambobi biyun farko: sukan da ya bi taswira da wanda bai bi ta ba, kusan kunnen doki suka yi. A ganina duka biyun gaskiya ne, kuma haɗa su ne ke ba da ma'ana. Taswirar ta faɗi jarrabawa. Zaman bai faɗi ba. Mai ciwon baya na shekara takwas da aka saba sallama da takardar magani cikin minti uku, sai ga shi an kwantar da shi sau goma, ana taɓa shi, ana tambayarsa, yana sa ran warkewa. Ga kuma sukan kansa, wanda bincike tun shekarun 1970 ya nuna yana iya sa jiki ya saki sinadaransa na rage zafi, ko'ina aka soka. Ciwo abu ne da ƙwaƙwalwa ke ƙara wa gishiri ko ta rage, shi ya sa ya fi kowace cuta jin wannan irin kulawa. Jamus ta amince inshora ta biya kuɗin allura don ciwon baya da ciwon gwiwa. Ingila ta cire ta daga shawarar ciwon baya a 2016, sannan a 2021 ta yarda da ita don ciwo mai daɗewa wanda ba a gano tushensa ba. Wannan kai-komo na hukumomi shi ne ainihin hoton shedar: akwai ɗan abu, bai kai yadda ake zuzutawa ba.

Inda aka wuce ciwo da tashin zuciya aka shiga da'awar warkar da ciwon suga, ko daji, ko rashin haihuwa, nan kam babu ƙafar tsayawa. Akwai kuma abin da ke sa mutum ya yi hattara da tarin takardun da ake nunawa: a 1998 Andrew Vickers da abokan aikinsa suka duba gwaje-gwajen allura da aka buga, suka tarar duk waɗanda suka fito daga Sin sun ce ta yi aiki. Babu maganin da ke cin kowace jarrabawa, ko da na gaske ne. Haɗarinta kaɗan ne a hannun gwani mai amfani da sabuwar allura, amma an sha samun wanda aka huda wa huhu, da wanda ya ɗauki ciwon hanta ta allurar da aka maimaita.

Ɓangaren saiwoyi da ganyaye ya fi ba da darasi a fili, domin shi ana iya auna shi. A 1967 Sin ta kafa wani shirin sirri, Shiri na 523, don nemo maganin zazzaɓin cizon sauro wanda ya daina jin kulorokwin, yana kashe sojojin Vietnam ta Arewa. Wata mai bincike, Tu Youyou, da tawagarta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da dubu biyu. Kusan duk waɗanda suka gwada suka faɗi. Wani ganye mai suna qinghao, ɗan'uwan tazargade, yana yi yau gobe ya ƙi. Sai ta lura cewa Ge Hong, wani malami na ƙarni na huɗu, bai ce a dafa shi ba, ya ce a jiƙa a matse. Ta gane zafi ke lalata sinadarin, ta tace shi da sanyi, samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye a 1971. Ta gwada a jikinta kafin a ba marasa lafiya. Daga nan aka sami atimisinin, wanda ke cikin Coartem da 'yan'uwansa da ake ba yaranmu kowace damina, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Tsohon littafi ya nuna mata ƙofa, amma ba ta ɗauki bayaninsa na zafi da sanyi da qi ba. Ganyen ta ɗauka, ta tankaɗe shi da rariyar gwaji, kuma ba a faɗin cewa sauran da suka zube su ma tsofaffi ne.

Tsufan bai hana kisa ba kuma. A farkon shekarun 1990 mata sama da ɗari a Beljiyam suka sami mummunan ciwon ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba, saboda an musanya wata saiwar Sin da wata mai kama da ita a suna, mai ɗauke da guba. Da yawansu sai da aka yi musu dashen ƙoda, wasu suka kamu da ciwon daji na mafitsara. Dangin wannan saiwa sun shekara ɗaruruwa cikin kundin magunguna ba a gane ba, domin gubar a hankali take ci, mai magani ba ya nan lokacin da ƙodar za ta tsaya.

Wani kuɗin kuma ba mai shan maganin ke biya ba. Ejiao wani ƙullun magani ne da ake samu ta dafa fatar jaki, ana cewa yana ƙara jini, cibiyarsa a lardin Shandong. Da ya zama abin ƙawa ga masu hali, jakunan Sin suka ragu daga kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan 3, dillalai suka juyo Afirka. Kuɗin jaki ya tashi a kasuwanni irin su Maigatari har ya gagari mai ɗiban ruwa da mai kai taki gona. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, kuma a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da hana yanka jaki don fatarsa a duk faɗin nahiyar.