Kariya, Sarauniyar Furannin Rani

Duk wanda yake son ya ga ikon Allah a jikin tsiro, to ya nemi kariya a tsakiyar rani. Lokacin ne ciyawa ta bushe ƙurmus, itatuwa sun kakkaɓe ganye, ƙura ta lulluɓe komai, rijiyoyi sun yi ƙasa. A daidai wannan lokacin ita kuma take fito da kwalliyarta. Rassanta ba ganye ko ɗaya, amma a kan kowane reshe tarin furanni ne, bakinsu ja, cikinsu fari-fari, suna sheƙi cikin tsananin rana. Ni dai ban ga furen da zan jera da ita ba, kuma ba na jin zan gani.

Abin da ya fi sa ni ƙaunarta shi ne tamu ce. Ba daga Turai aka kawo ta ba, ba daga Indiya ba. Tun daga Sanagal da Muritaniya, ta ratsa Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Cadi har Sudan, ta gangara gabashin Afirka, ta tsallaka Bahar Maliya zuwa kudancin ƙasar Larabawa, duk gidanta ne. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum, sunan da aka tabbatar mata a 1819. Wanda ya fara bayyana ta a littafin ilimi wani ɗan Suwidin ne, Peter Forsskål, wanda ya je Yaman cikin ayarin binciken da sarkin Denmak ya tura. A can ya rasu a 1763, aka buga littafinsa a 1775. Kafin nan kuwa kakanninmu sun daɗe da saninta a bakin shinge da kan duwatsu. Danginta ɗaya da tumfafiya da ƙwanƙwani, amma a cikin dangin ita ce amarya.

Sai ga shi mun raina ta, wasu can sun ɗauke ta sun mai da ita abin alfahari. Masu lambu a Tailan da Taiwan sun daɗe suna gauraya irinta, har suka fito da mai fure fari sol, da ja wur, da mai duhun ja kusan baƙi, da ruwan ɗorawa, da mai zane-zane, da mai fure ninki biyu ko uku. Suna baje kolinta, suna sayar da ita ƙasashen duniya. A Turai da Amurka mutum yakan ajiye ta bakin taga, ya kunna mata fitila, sanyi ya shigo ya rasa sukuni don kada ta mutu. Mu da Allah ya ba rana kyauta, sai ka ga mutum ya kashe kuɗi a kan wardi da ciyawar Turawa, yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa safe da yamma, bazara ta zo duk su ƙone. Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Matso kusa da ita ka duba. Gindinta kumburarre ne kamar tulu, fatarsa sumul, ruwan toka, wani lokacin da ɗan kore a ƙarƙashi. A nan take tara ruwan da take sha a watannin da ko ɗigo ba ya sauka. Daga gindin rassa masu kauri suke tashi, suna murɗewa yadda suka ga dama, shi ya sa ba za ka taɓa samun guda biyu masu siffa ɗaya ba. Wata gajeruwa ce dirkekiya, wata ta miƙe da rassa uku, wata saiwoyinta sun naɗe juna. Furen kuwa buɗaɗɗe ne mai kunnuwa biyar, faɗinsa ya kai santimita 5, launin yana da ƙarfi a baki, yana dusashewa zuwa ciki. Leƙa maƙoshinsa za ka ga siraran layuka ja da wasu 'yan zaruruwa masu gashi. Ko ba ta yi fure ba, gindin nan kaɗai ya isa ado a ƙofar ɗaki. A daji takan kai tsawon mutum, har ta wuce, amma a tukunya tana zama daidai yadda ka ajiye ta shekara da shekaru.

To, yaya ake kiwonta? Abu na farko, rana. Kada ka tausaya mata ka kai ta inuwa. Ka ba ta wurin da za ta sha rana aƙalla awa 6 a yini, in ta samu fiye da haka ma madalla. Wadda aka ajiye a zaure ko ƙarƙashin darbejiya takan yi dogayen rassa sirara, ganye da yawa, fure babu. Sai dai in sabuwa ce daga wurin masu sayar da furanni inda ta saba da inuwa, ka riƙa fito da ita sannu a hankali har ta saba, don kada fatar gindin ta ƙone.

Na biyu, kuma nan ne mafi yawan mutane suke kashe ta da so: ruwa. Fari ba ya kashe kariya, yawan ban ruwa ne yake kashe ta. Ƙasar da za ka zuba mata ta zama wadda ruwa yake wucewa nan take. Ka haɗa yashin rafi mai tsakuwa da dakakken gawayi da ɗan ruɓaɓɓen takin awaki da ƙasar gona kaɗan. Laka da jar ƙasar gini ba nata ba ne. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana shan iska, kuma lallai a huda gindinta da kyau, a sa tsingaro a kan hujin yadda ƙasa ba za ta toshe shi ba. In za ka ba ta ruwa, ba ta har ya zubo ta ƙasa, sannan ka ƙyale ta sai ƙasar ta bushe. Tura yatsa ka ji. In da sauran laima, bari sai wani lokaci. Da bazara tana sha sosai, tana kuma girma. Da marka, lokacin da ake kwana ana wuni cikin ruwa, ka ɗaga tukunyar a kan bulo, ko ka matsar da ita ƙarƙashin baranda inda haske yake shiga. Da hunturu kuma barci take yi. Ganyenta zai yi ɗorawa ya zube, kada hankalinka ya tashi, kada ka ce ƙishi ne ka yi ta kwarara mata ruwa. Sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa in suka haɗu, gindin ruɓewa yake yi. Mutanen Jos da Mambila su fi kowa lura da wannan, domin ba ta son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10.

Ita da kanta tana faɗa maka halin da take ciki. Danna gindin da babban yatsa. In ka ji shi tauri, lafiya lau. In ya ɗan yamutse, ƙishi take ji. In kuwa ya yi laushi yana lotsawa, ruɓa ta shiga: tumɓuke ta, ka yanke wurin da wuƙa mai tsabta har ka kai farin nama, ka barbaɗa toka ko garin gawayi, ka ajiye ta a inuwa ta bushe kamar mako guda, ka sake dasawa a busasshiyar ƙasa. Sau da yawa tashi take yi garau. Wane fure ne kuma za a yi wa wannan aiki ya rayu?

Taki kaɗan ya ishe ta, a lokacin da take fitar da sabon ganye. Wanda ya cika mata takin zamani, musamman yuriya, ganye zai girba. In rassa sun yi tsawo sun rame, a datse su da zafi ya fara shigowa. Kowane reshen da aka datse yakan fito da biyu ko uku, kuma tun da a kan reshe fure yake fita, yawan rassa yawan fure ke nan. Ga kuma dabarar da na fi jin daɗinta: duk bayan shekara ɗaya ko biyu in za a sauya mata tukunya, a ɗaga ta sama kaɗan, kaurin saiwar da ke binne ya fito fili. A hankali sai ka ga ta zama wani abin kallo da ko gwanin sassaƙa ba zai iya fitarwa ba.

Shuka irinta kuwa wani daɗi ne na daban. Bayan fure takan fitar da dogayen kwanso biyu manne da juna a gindi, kowanne ya kalli gefensa. Idan suka ƙosa sai su tsage, 'ya'yan su fito, kowane ɗa siriri da tuntun gashi mai laushi a kai da gindi, iska ta kwashe su. Don haka da ka ga kwanson ya fara nuna, ɗaure shi sako-sako da zare. Ka tsige gashin, ka kwantar da irin a kan yashi mai laima, ka rufe shi da yashi kaɗan. In sabo ne, cikin mako guda zuwa kwana 10 za ka ga sun leƙo, kuma tun suna jarirai kowanne da ɗan tumbinsa. Masha Allah! Irin ba ya son ajiya, in ya daɗe mutuwa yake yi. Wadda aka shuka daga iri ita ce take yin babban gindi, kuma takan fara fure cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Dashen reshe ma yana kamawa, in an bar bakin yankan ya bushe kwanaki kafin a kafa shi, amma gindinsa ba ya saurin kumbura. Masu launuka na musamman kuma aure ake yi musu, yadda ake auren mangwaro: a yanke kan tamu ta gida mai ƙarfin saiwa, a ɗora reshen baƙuwar, a ɗaure. Har launi uku ana iya tarawa a gindi ɗaya.

A nan zan ja kunne. Iri ba ya bin launin uwarsa dole, mafi yawa ruwan hoda yake bayarwa. Hotunan shuɗiyar kariya ko mai launin bakan gizo da ake tallatawa a intanet haɗin kwamfuta ne, babu su a duniya. Mai son wani launi ya saya tana cikin fure, ya gani da idonsa.

Ƙwari ba su cika damunta ba. Wani lokaci akan ga darɓa a sabon toho, ko wasu fararen ƙwari masu gari-gari a maƙale a hammatar ganye, ko wata koriyar tsutsa ƙatuwa da takan cinye ganye dare ɗaya. Tsutsar a tsince ta da hannu, sauran kuma ruwan sabulu ko man darbejiya da yamma ya ishe su.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye shi ba: dafi gare ta. Ruwan jikinta yana ɗauke da guba mai taɓa zuciya, shi ya sa maharba a sassan Afirka suka daɗe suna shafa shi a kan kibiya, wasu kuma suna kashe kifi da shi. Taɓa ganye ko fure ba ya komai, amma in za ka datse ta ka sa leda ko safar hannu, ka kiyaye idonka, ka wanke hannu da wuƙar da sabulu. Rassan da aka yanke kada a jefa wa dabbobi. Uwargida, in da masu rarrafe a gidan, a ɗora tukunyar inda hannunsu ba ya kai. Kada kuma wani ya ce zai jiƙa ta ya sha da sunan magani. Wannan bai rage mata daraja a wurina ko kaɗan ba, sanin halinta ne kawai.

A ƙasar da ruwa yake da tsada, rana kuwa ta wadata, ban san furen da ya dace da gidajenmu da makarantunmu da harabar masallatanmu kamar kariya ba. Masu sayar da furanni a bakin titunan Kano da Kaduna da Abuja suna da ita, kuma in kana da maƙwabcin da ya mallaka, reshe ɗaya ko 'yan iri kaɗan sun ishe ka jari. Roƙona kawai, kada a je daji a tumɓuko tsofaffi, domin shekaru masu yawa suka ɗauka kafin su kai haka. Ɗan'uwa, nemi tukunya ka huda, ka samo yashi da gawayi, ka shuka taka tun kafin bazara ta shigo.