Ibadar Safe Tsakanin Tabarma da Wayar Hannu a Gabashin Sakkwato

Kiristocin da ke zaune a Wurno da Rabah da Goronyo ba su da yawa, kuma akasarinsu aiki ne ko fatauci ya kai su: ma'aikatan jinya, malaman makaranta, jami'an tsaro, matasa masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan kasuwa masu shagunan magani ko na kayan gyaran mota da babur. Ƙasa ce mai nauyin tarihin Musulunci, domin a Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, wato garin tsaron iyaka, a can kuma ya rasu a 1837, sannan a Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Mai bin Almasihu a irin wannan wuri ba ya samun abin da ɗan'uwansa na Jos ko Kafanchan yake samu ba da wahala ba, wato majami'a a kowace unguwa da taron addu'a kusan kowace yamma, saboda haka yawancin girmansa cikin bangaskiya ya rataya ne a kan abin da yake yi a ɗakinsa kafin rana ta fito. Wannan ibadar safe ce ta sauya kama a 'yan shekarun nan, kuma sauyin ya cancanci a dube shi da idon basira.

Tsohon tsarin sananne ne ga duk wanda ya tashi a gidan Kirista mai jin Hausa. Maigida ko uwargida ke tayar da yara, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kunna fitila ko tocila, a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, sannan a miƙa wa ɗaya daga cikin yaran Littafi Mai Tsarki ya karanta nassin ranar, yana bin layi da ɗan yatsa, yana tuntuɓe a kan sunayen Ibraniyawa, ana gyara masa. Bayan haka a yi gajeren bayani, sau da yawa daga ɗan littafin ibadar kullum, a rufe da addu'a wadda a cikinta ake ambatar mara lafiya da matafiyi da maƙwabci da sunansu. Wannan al'ada ta samu ne saboda an yi aikin fassara tun da wuri: cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan doguwar wahalar da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya da abokan aikinsa suka sha, aka kuma sake sabuwar fassara wajen ƙarshen shekarun 1970, wadda ita ce ta fi yawa a hannun mutane har yau.

Yanzu wayar hannu ta karɓi babban kaso na wannan lokaci. Tun kafin asuba saƙonnin ibada suke shigowa ta WhatsApp, wasu daga Open Heavens na Fasto Adeboye, wasu daga Rhapsody of Realities, wasu kuma muryoyi ne da hotuna masu ɗauke da aya guda da ba a san wanda ya haɗa su ba; tun daga 2020 kuma addu'ar safe ta kai tsaye da Fasto Jerry Eze yake jagoranta ta intanet ta jawo ɗimbin masu sauraro a ciki da wajen Najeriya. Ba daidai ba ne a raina amfanin wannan. Ma'aikaciyar jinya da aka tura ƙaramin asibiti a wani ƙauyen Goronyo, wadda ita kaɗai ce Kirista a wurin, kuma hanyar zuwa sujada ranar Lahadi ba kullum take da aminci ba, idan ta sa abin sauraro a kunne ta ji dubban mutane suna cewa amin tare da ita, ta sami ƙarfafawa ta gaske, kuma wanda bai taɓa zaman kaɗaici irin nata ba bai kamata ya yi saurin yanke mata hukunci ba.

Duk da haka, akwai hasara, kuma hasarar ta fi abin da ake zato girma. Ibadar tabarma aiki ce da ake yi tare, inda kowa yake da rabonsa, har ƙaramin yaro. Ibadar waya kuwa sauraro ce, kowa da tasa, ta yadda gida ɗaya zai iya ƙunsar mutum huɗu masu addu'a a lokaci guda ba tare da ɗayansu ya ji roƙon ɗan'uwansa ba. Almajiranci, wato koyon bin Almasihu ta hanyar zama kusa da wanda ya riga ka a tafiyar, yana bukatar wanda ya san halinka, wanda ya ga fushin da ka yi jiya, zai kuma iya tambayarka ko ka nemi gafara. Mai wa'azin da ke Legas ko Abuja, kome baiwarsa, bai san wannan ba, ba kuwa zai taɓa sani ba.

Sai kuma batun ma'aunin da ake auna girma da shi. Yawancin saƙonnin da suke yawo a waya sun karkata ga buɗi: ƙarin girma a wurin aiki, warkarwa nan take, biyan bukata kafin ƙarshen wata. Roƙon waɗannan ba laifi ba ne, gama mai ciwo yana da ikon neman sauƙi wurin Ubangijinsa. Amma idan kullum da safe abin da kunne yake sha ke nan, a hankali mutum yakan ɗauka cewa alamar ci gaba cikin Ruhu ita ce abin da ya samu, alhali Sabon Alkawari, musamman wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa da wasiƙar Yaƙub, ya ɗora nauyin a kan halin da ake gani: haƙuri, kamun kai, riƙe harshe, kula da maraya da gwauruwa. A garuruwan da ke bakin gulbin Rima, inda rayuwa take tafiya da noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, waɗannan halaye suna da wuraren gwaji da kowa ya sani. Mai shagon magani da manomi ya zo masa da yaro mai zazzaɓi, babu kuɗi a hannu sai an sayar da albasa, ko dai ya ba da bashi ya jira kaka, ko ya juya baya. Malamin makaranta ko dai ya shiga aji ran da babu mai duba shi, ko ya zauna a gindin bishiya. Maƙwabta Musulmi ba sa jin addu'ar da aka yi da abin sauraro a kunne, amma suna ganin wanda ya zo gaisuwar ta'aziyya ya zauna a ƙasa tare da su, suna kuma riƙe da lissafin wanda aka ba amana ya mayar da ita cif.

A nan ne harshe yake da muhimmancin da ba a cika lura da shi ba. Kusan duk ibadar waya da Turanci take zuwa, kuma ko ga wanda ya iya Turancin sosai, kalmomin da ya yi addu'a da su da safe ba su ne zai yi ciniki da su da hantsi ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa yana magana da kalmomin da kasuwar Goronyo take magana da su: Allah, addu'a, gafara, tuba, albarka, amana, alheri. Ma'anar wasunsu ta bambanta tsakanin addinan biyu, alheri a bakin Kirista, alal misali, yana nufin tagomashin Allah da ba a cancanta ba, ba kyauta kawai ba, amma kasancewar kalmar ɗaya ce yana sa abin da aka karanta a tabarma ya bi mutum har bakin shago. Ɗan kudu da aiki ya kawo shi Wurno, wanda ya daure ya koyi karanta Zabura da Hausa, yakan tarar cewa gaisuwarsa ma ta sauya, ta yi tsawo, ta yi taushi. Tarihin bishara a wannan lardi ma ta wannan hanya ya bi, domin abin da ya buɗe wa mishan ɗin SIM ƙofa a ƙasar Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930 shi ne jinyar kutare a Amanawa, aikin hannu da aka yi shi da Hausa a gaban idon jama'a.

Shekarar 2021 ta nuna wani rauni na daban na ibadar waya. A watan Satumba gwamnatin jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 saboda ta'asar 'yan bindiga, Rabah da Goronyo suna ciki, a watan Oktoba kuma aka kai mummunan hari kasuwar Goronyo, mutane da dama suka rasa rayukansu. A daidai makonnin da zuciya ta fi bukatar ta'aziyya, wayar ta yi shiru. Wanda ibadarsa duka tana cikinta ya wayi gari hannu wofi, wanda kuwa yake da littafi a ƙarƙashin matashi da waƙoƙi biyar ko shida a ka, yana da abin da zai tara iyalinsa a kai.

Ba wanda zai ce a jefar da waya, kuma fastoci da katikis da shugabannin Zumuntar Mata da ke hidima a wannan yanki ba su da ikon hana ta ko da sun so. Abin da yake hannunsu shi ne su mayar da ita baiwa maimakon uwargijiya: a yi amfani da ita wajen aika nassin mako da Hausa ga 'yan'uwan da ke warwatse a ƙauyuka, a naɗi muryar dattijon da ya san su yana bayani, a kuma riƙa tambayar iyaye a fili, ran Lahadi bayan sujada, ko yaransu sun karanta wani abu da bakinsu a cikin makon, da kuma wanda ya zauna kusa da su yana gyara musu.