Waiwaye Adon Tafiya: Sharhi a Kan Rubutun Ɗalibi Game da Abin da Ya Koya Wajen Tsara Mujallar Kiɗa

1.0 Gabatarwa

Akwai wani nau'in rubutu da ake neman ɗalibi ya yi bayan ya kammala aikin hannu, inda zai dubi abin da ya aikata ya faɗi abin da ya ƙaru da shi. A wannan takarda an kira shi rubutun waiwaye, wato sharhin da mai aiki yake yi wa aikin kansa. Takardar ta ɗauki misali guda daga ƙasar Ingila, inda aka shafe kusan shekara goma ana sa ɗaliban sakandare su tsara mujallar kiɗa da waƙa, sannan su yi bayanin abin da suka koya. Manufa ita ce a nuna cewa raunin irin wannan rubutu da ƙarfinsa suna bayyana ne tun daga ginin jimla. Ɗalibin da ya tsaya ga lissafa kayan aiki ya bar muhimmin abin da ya koya bai faɗa ba, wato iya yin zaɓi saboda mai karatu.

2.0 Asalin Aikin

A shekarar 2008 hukumar shirya jarrabawa ta OCR, wadda aka kafa a 1998, ta fara amfani da wani tsarin karatu na darasin nazarin kafafen watsa labarai, domin ɗalibai ƴan shekara 16 zuwa 17. Rabin makin shekarar ya dogara ne a kan aikin hannu. Daga cikin ayyukan da ake zaɓa akwai tsara sabuwar mujallar kiɗa.

An raba aikin gida biyu. Da farko akwai aikin gwaji, inda ɗalibi zai yi bangon mujallar makaranta mai ɗauke da hoton wani ɗalibi, tare da zanen shafin ƙumshiya. Bayan haka sai babban aiki: bangon gaba, da shafin ƙumshiya, da shafuka biyu masu fuskantar juna waɗanda ke ɗauke da babban labari. Dole rubutun da hotunan su kasance na ɗalibin ne, hotunan kuma kada su gaza 4. Maki 100 ne gaba ɗaya: 20 na bincike da shiri, 60 na aikin kansa, 20 na waiwaye.

Sashen waiwayen yana da tambayoyi 7. Biyar na farko sun shafi al'adun tsara mujalla, da yadda aka nuna rukunonin jama'a, da kamfanin da zai iya rarraba ta, da masu karatunta, da yadda aka jawo hankalinsu. Ta shida tana neman abin da ɗalibi ya koya game da na'urori, ta bakwai kuma tana neman ci gaban da ya samu daga aikin gwaji zuwa babban aiki. A kan amsoshin waɗannan biyu na ƙarshe wannan sharhi ya ta'allaƙa.

3.0 Ƙirar Amsar Gama-gari

Amsar da ɗalibi ya fi saurin faɗawa cikinta tana da ƙira sananniya. Ga misali da aka tsara da Hausa domin nuna ƙirar:

(1) Na koyi amfani da Photoshop. Na koyi yanke hoto da sauya launinsa. Na kuma koyi InDesign. Yanzu mujallata ta fi kyau, ta yi kama da ta ƙwararru.

Idan aka lura, aikatau guda ne ke ɗauke da nauyin jimloli uku na farko, wato "koya", kuma abin da ke biye da shi sunan manhaja ne ko aikin da manhajar ke yi. Babu mahaɗin dalili ko ɗaya, irin su "saboda" ko "domin". Kalmar "kyau" ta zo ba tare da ma'auni ba: ba a faɗi kyau ga wa ba, ba a kuma faɗi ta wace fuska ba. Mai karatun mujallar, wanda dominsa aka yi aikin, bai fito ko sau ɗaya ba. Sakamakon haka, kowane ɗalibi a ajin yana iya sa hannu a ƙarƙashin wannan amsa, ko mujallarsa ta mawaƙan gambarar zamani ce ko ta masu jita.

Adalci shi ne a ce laifin ba na ɗalibi ba ne shi kaɗai. Tambaya ta shida da kanta na'ura ta ambata, don haka ba abin mamaki ba ne a amsa ta da sunayen na'urori. Sannan ɗalibi ya san mai ba da maki ne zai karanta, sai rubutun ya karkata ga yabon kai, ya zama tamkar kirari. Shi kuwa kirari ba ya ambaton inda gwarzo ya yi tuntuɓe, alhali a wurin tuntuɓen ne darasi yake. Haka kuma ba a raina iya na'ura. Wanda bai taɓa raba hoton mutum da abin da ke bayansa ba, ran da ya iya ya ƙaru. Illar ita ce a ɗauki wannan ƙaruwa a matsayin iyakar abin da aka samu.

4.0 Abin da Aikin Yake Koyarwa

4.1 Zaɓen Suna

Aiki na farko a mujalla aikin harshe ne. Mujallar Kerrang!, wadda ta fara fitowa a 1981, ta samo sunanta daga ƙarar jitar lantarki idan an kaɗa ta da ƙarfi. Wannan kwaikwayon sauti ne irin wanda amsa-kama ke yi a Hausa, kamar "tim" ko "ƙararrap". Sunan ya sanar da mai saye irin kiɗan da ke ciki tun bai buɗe ba. Mujallar Q, wadda aka kafa a 1986, harafi ɗaya tal ta zaɓa, fari a cikin jan akwati, ana hango shi daga nesa. NME kuwa, wadda ta faro a 1952, taƙaita dogon sunanta ta yi zuwa haruffa uku. Ɗalibin da ya rubuta sunaye da yawa ya soke, har ya tsaya ga guda, ya koyi auna kalma da sautinta da tsawonta da kuma wanda za ta burge. Amsa irin ta (1) ba ta da gurbin da za a faɗi wannan.

4.2 Bango da Kanun Labarai

Bango fili ne ƙarami mai maneman wuri da yawa. A kantunan Ingila akan jera mujallu wata ta rufe rabin wata, shi ya sa masu tsarawa suke ba gefen hagu da saman bango muhimmanci. Hoton mawaƙi yakan kalli mai saye ido cikin ido. Girman haruffa kuma yana faɗa wa ido abin da zai fara karantawa da abin da zai biyo baya. Idan aka yi komai da manyan haruffa, babu abin da zai yi fice.

Kanun labaran da ke kan bango su ne wurin da ɗalibin harshe ya fi kamata ya tsaya. Kalmomi kaɗan ake da su, don haka ake dogaro da jimlar umarni, da tambaya, da kambamawa, da karangiya. Wanda ya mayar da jimla mai kalma goma sha biyar zuwa kalma huɗu ba tare da ma'ana ta zube ba, ya koyi taƙaitawa, kuma wannan fasaha za ta bi shi duk inda rubutu ya kai shi.

4.3 Shafukan Ciki da Maɗaba'a

A shafuka biyu masu fuskantar juna akan raba rubutu gida-gida a tsaye, saboda dogon layi yana gajiyar da ido. Akan ciro jimla guda daga bakin mawaƙi a girmama haruffanta domin ta tsayar da mai buɗe shafuka. Zaɓen wannan jimla daga cikin hira mai tsawo hukunci ne na edita, kuma yana iya ɗaukaka mai maganar ko ya ɓata masa suna. A nan aikin ya taɓo amana.

Akwai kuma ilimin da ba ya cikin maɓallan manhaja. Hoton da za a buga a takarda yana buƙatar ɗigo kusan 300 a kowane inci, shi ya sa hoton da ya fito tas a fuskar kwamfuta yakan dushe a takarda. Fuskar kwamfuta tana haɗa launi da haske uku, ja da kore da shuɗi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take aiki, don haka launin da aka gani ba lallai shi za a samu ba. Akan kuma bar rarar milimita 3 a gefen shafi saboda yankan takarda. Wanda ya fahimci dalilan waɗannan ƙa'idoji zai iya aiki da kowace manhaja.

4.4 Kauce wa Al'ada

Ɗalibai kan so su ce sun karya al'ada, sau da yawa domin su rufe kuskure. Misalin da aka fi sani a tarihin mujallun kiɗa shi ne na David Carson, mai tsara mujallar Ray Gun ta Amurka. A 1994 ya buga hira da mawaƙi Bryan Ferry da haruffan Zapf Dingbats, waɗanda alamomi ne zalla da ba su karantuwa, saboda a ganinsa hirar ba ta da armashi. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, ya san ƙa'idar da ya karya, yana kuma da dalili. Wannan dalilin ne ake nema a rubutun waiwaye.

5.0 Ginin Jimlar Waiwaye Mai Ma'ana

A kwatanta misali na (1) da wannan:

(2) Da farko na sa sunan mujallar da ja a kan hoto mai duhu, amma da na buga shi na ajiye nesa sai ya ɓace. Na mayar da shi fari, saboda mai saye daga nesa zai fara hango shi. Da na bar shi ja, da sai na haskaka hoton, wanda hakan zai kashe yanayin dare da waƙoƙin suke da shi.

Aikatau a nan sun bambanta: sa, buga, ajiye, mayar, bari. Kowannensu mataki ne da aka ɗauka. "Amma" ta shigo da matsala, "saboda" ta shigo da dalili tare da mai saye, ginin "da... da..." kuma ya nuna hanyar da aka duba aka ƙi bi. Abubuwa huɗu ke nan: matsala, zaɓi, dalili, da abin da aka sadaukar. Kalmar "koya" ba ta fito ba, amma mai karatu ya ga koyon da idonsa. Manhajar ma ba a ambace ta ba, alhali a bayyane yake an iya ta. Wannan amsa ta mai ita ce shi kaɗai, domin ta mujallarsa ce kurum.

6.0 Darasi ga Ɗalibin Hausa

Ɗalibin da zai yi irin wannan aiki da Hausa yana da abin koyi a gida, kamar mujallar Fim wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, mai kawo labaran ƴan wasa da mawaƙa. Yana kuma da matsalar da takwaransa na Ingila bai san ta ba. Yawancin haruffan ado da ake ƙawata bango da su ba su ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Zai zaɓi ƙira mai kyau, ya rubuta "waƙa" ko "kiɗa", sai harafi guda ya fito da wata siffa daban ko ya zama akwati. Idan ya zubar da lanƙwasar domin ado, kanun da ke magana a kan waƙoƙin gaɗa na ƴan mata zai koma na gada, "baƙi" kuma ya koma "baki". Haka nan dole ya tsai da shawara tsakanin ƴ da ƙa'idar rubutu ta Nijar ta ɗauka da 'y da aka saba da ita a littattafan Nijeriya, kuma amsar tana wurin waɗanda yake so su karanta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓi ne mai dalili, irin wanda ya cancanci shiga rubutun waiwaye.

7.0 Kammalawa

Tsarin karatun da aka yi magana a kansa an maye gurbinsa da wani daga 2017. Mujallun da ɗalibai suka riƙa kwaikwayo su ma sun sauya: NME ta koma ta kyauta a 2015, ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2018, Q kuma ta rufe a 2020. Manhajojin suna ta sauya fuska. Ɗalibin da abin da ya rubuta shi ne wurin da maɓalli yake, iliminsa ya tsufa tare da maɓallin. Wanda ya rubuta dalilin da ya sa ya fifita wata kalma a kan wata, ko wani launi a kan wani, yana riƙe da abin da zai yi masa amfani a jarida ko rediyo ko aji.

Saboda haka, ma'aunin da ya dace a ɗora rubutun waiwaye a kansa mai sauƙi ne. A ƙirga jimlolin da ke ɗauke da dalili, a duba ko mai karatu ya fito a cikinsu, sannan a tambaya ko wani ɗalibi daban zai iya sa hannu a ƙarƙashin rubutun. Idan zai iya, to da sauran aiki.