Abin da Magana Jari Ce ya tsallake

Ƴan'uwa, a ajinmu na yaƙi da jahilci kusa da Tasawa mun karanta farkon Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam da aka buga a Zariya a 1937. Littafi ne mai daɗi. Aku ya tsare Musa ɗan sarki a gida da labari kawai, bai ɗauki bulala ba. Iyaye, a nan akwai darasi.

Amma wata mata ƴar Mayahi, da goyonta a baya, ta ce: "Malam, an haifi Musa da Mahmudu, ba a jima ba sai ga su samari. Wa ya yi renonsu?"

Ta yi gaskiya. A littafin ba mu ji kukan fitar haƙori ba, ba mu ga ranar yaye ba. Babu yaron da ya kifar da ƙwaryar fura ko ya ja wutsiyar akuya, uwa na daka, tana tsawa tana dariya. Aikin da ya fi wuya shi aka tsallake.

Imam ya ba mu labarin fadar sarki. Na tsakar gida fa? Mata, yanzu kun iya riƙe alƙalami. Ku rubuto mana.