Babur Ɗin Da Ake Sawa A Jiki: Nazari Kan 'Yan Tsanan Mospeada

A cikin kayan wasan da Japan ta cika kasuwannin duniya da su akwai wani ɗan reshe da bai kai sauran yawa ba, amma ya fi su wuyar ƙira. Ɗan mutum-mutumin soja ne da babur ɗinsa. Sai a kwance babur ɗin gaɓa-gaɓa, a naɗe nan, a miƙe can, har ya koma sulke a jikin mahayin. Mu da muka saba ganin 'yan lifidi a hawan Sallah, mu ɗauka dokin ne da kansa ya tashi ya zama rigar yaƙin mai shi. Yau manya ne suka fi sayen irin waɗannan kaya, su jera a kabad mai gilashi, kuma tushen abin yana komawa ga wani shirin katun na talabijin mai suna Genesis Climber Mospeada.

Kamfanin Tatsunoko ne ya shirya shi, tashar Fuji ta nuna shi daga Oktoban 1983 zuwa Maris na 1984, kashi 25. Labarin mai sauƙi ne. Wasu halittu daga sararin samaniya, Inbit, sun mamaye duniya a shekarar 2050. Mutanen da ke zaune a duniyar Mas suka turo runduna don ƙwato ta, aka ragargaza rundunar, wani matashin soja mai suna Stick Bernard ya tsira, ya faɗo a Kudancin Amurka. Daga nan ya kama hanyar arewa a kan babur, yana tsintar abokan tafiya. Shinji Aramaki, wanda bai wuce shekara 23 ba a lokacin, shi ya zana babur ɗin. Yoshitaka Amano ya zana mutanen, tun kafin ya yi suna da wasannin Final Fantasy.

A wancan zamani shirin yara a Japan ba ya rabuwa da kantin kayan wasa. Masu ƙera kayan su ne ke zuba kuɗin shirin, shirin kuma ya zame musu talla. Shekara guda kafin Mospeada, jirgin yaƙin shirin Macross mai rikiɗa ya zama ƙaton mutum-mutumi ya samu kasuwa sosai, kowa ya shiga neman nasa abin mai rikiɗa. Kayan Mospeada sai suka faɗa hannun Gakken, kamfanin da aka fi sani da buga littattafan karatu. Shirin bai yi wani tashe ba a gida. Amurka ce ta raya shi. A 1985 kamfanin Harmony Gold yana bukatar aƙalla kashi 65 don tashoshi su riƙa nunawa kullum a ranakun aiki, sai Carl Macek ya haɗe shirye-shirye uku da ba su da dangantaka, Macross da Southern Cross da Mospeada, ya ɗinke su labari ɗaya mai kashi 85, aka sa masa suna Robotech. A nan Stick ya koma Scott, babur ɗin kuma aka kira shi Cyclone. Da wannan suna yawancin masu tara kayan a wajen Japan suka san shi har gobe.

To, ina wuyar take? Motar da za ta zama mutum-mutumi, mai ƙira yana da 'yancin ɓoye kai da hannuwa a cikinta duk inda ya ga dama, ya ƙara tsawon ƙafa, ya rage wuya, ba mai tuhumarsa. A nan kuwa akwai mutum a tsakiya. Ba a naɗe shi, ba a gutsure shi. Dole ya zauna a sirdi kamar mahayi na gaskiya, hannunsa ya kai ga kan babur, sannan bayan an juya kayan ya tsaya da ƙafafunsa. Gaban babur ya sauko kan ƙirji da kafaɗu, ɓangarorin gefe su kama cinya, bututun makamai su koma damtse, tayoyi biyu su hau gadon baya. Nan ne matsalar farko take: nauyi duk ya taru a baya, ɗan tsana ya riƙa neman faɗuwa rigingine. Shi ya sa masu ƙira ke faɗaɗa tafin takalmi, ko su zuba ƙarfe a ƙafa, ko su haɗo da ɗan maƙali na roba mai tallafe shi.

Matsala ta biyu ta fi wannan daɗin nazari. Mai zane yana da damar yin ha'inci, kuma yana yi. A hoto ɗaya taya babba ce, a na gaba ta ɗan tsuke don ta dace da bayan soja, injin ya shige wani lungu da babu shi. Ido ba ya kamawa, domin rikiɗar ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Roba da ƙarfe kuwa ba su san wannan wayo ba. Girman da taya take da shi a ƙasa, shi za ta hau baya da shi. Saboda haka duk wanda ya ƙera irin wannan kaya sai ya zaɓi wanda zai ɓata wa rai: ko babur ya yi kyau sulke ya kumbura, ko sulke ya zauna ɗas babur ya fito a tsamure. Wasu kan kauce ta hanyar ciro wani yanki a ajiye gefe, a maƙala wani a madadinsa. Masu tara kayan suna raina wannan dabara. Abin da suke girmamawa shi ne rikiɗa cikakkiya, wadda babu abin da za a cire a jefa cikin kwali. A ganina suna da gaskiya, don a nan ne gwanintar take, sauran duk fenti ne.

Ɗan tsanan Gakken mai ma'aunin 1/8 don hannun yaro aka yi shi. Kauri gare shi, gaɓoɓinsa kaɗan ne, bai yi kama da zanen sosai ba, amma yana jure wasa. Aka daɗe ba a sake waiwayar abin ba, sai wajen 2008, shekara 25 da fitowar shirin, lokacin da yaran da suka kalle shi suka zama masu albashi. Kusan a tare kamfanoni suka fito da nasu: CM's Corporation a ma'aunin 1/18, MegaHouse a 1/15, Beagle a 1/10 da rigar ciki ta yadi, Toynami kuma tana sayarwa a Amurka. A 2018 Sentinel ta fara fitar da jerin Riobot a ma'aunin 1/12, wato soja mai tsawon santimita 15 ko kusa da haka, kuma Aramaki da kansa ya sake gyara zanen. Wannan ya burge ni. A da, ɗan tsana ne ke bin zane a guje. Yanzu zanen ne ya sunkuyo ya yi sulhu da abin da hannu zai iya ƙerawa.

Akwai dangi na kusa. Garland na shirin Megazone 23 a 1985 da Motoslave na shirin Bubblegum Crisis a 1987 duk babura ne masu rikiɗa, duk kuma da hannun Aramaki a ciki. Sai dai su mutum-mutumi suke zama, mahayi ya shige ciki, ba su kai Mospeada matse jiki ba.

Inda nake da ja da wannan al'ada shi ne inda ta dosa. Gwargwadon yadda kayan ke ƙara kama da zane, haka suke ƙara laushi. Ƙananan maƙalai kamar ƙwayar shinkafa, takardar bayani shafi bayan shafi, fenti mai gogewa da an ɗan murza. Mutum ya sayi abu da tsada, ya juya shi sau ɗaya gabansa na faɗuwa, ya rantse ba zai ƙara ba. Wasu sukan sayi biyu, ɗaya a bar shi babur, ɗaya a bar shi sulke. Wasu ma ba sa yanke tef ɗin kwalin, don wanda ba a buɗe ba ya fi daraja a kasuwar gwanjo. To me ya rage? Duk wahalar da injiniya ya sha a kan gaɓoɓin nan don a motsa su ya sha ta. Idan ba za a motsa su ba, gunki biyu marasa gaɓa sun fi arha kuma sun fi kyau a kabad. Laifin bai tsaya kan masu saye kaɗai ba, kamfanoni ma sun gane cewa hoton talla ke sayar da kaya, ba ƙarko ba.

Wanda ke sha'awar shiga wannan harka, kada kyan hoto ya ruɗe shi. Ya nemi bidiyon wani yana juya kayan daga babur zuwa sulke da hannunsa, ya duba ko sai an cire wani yanki, ya duba ko sojan na tsayawa ba tare da tallafi ba. Idan na hannu ne, ya tambayi lafiyar kafaɗu da maƙalan taya tun kafin a yi ciniki. In ya kawo gida kuma ya nisanta shi da taga, domin rana tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa.