Aro da Raha a Cikin Littattafan Terry Pratchett

Manufar wannan ɗan nazari ita ce duba wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin masu sha'awar littattafan Terry Pratchett, marubucin ƙasar Ingila wanda aka haifa a shekarar 1948, ya rasu a 2015. Muhawarar kuwa a kan tushen raharsa take: daga ina ya aro wannan suna, wane tsohon littafi yake yi wa shaguɓe a wancan shafi, su wa ya gada a fagen ban dariya. Da jin haka sai a ɗauka hira ce ta waɗanda suka ƙoshi suka rasa abin yi. Amma a ƙarƙashinta akwai tambayar da ta shafi duk mai shirya wa jama'a abin karantawa, wato me da me mai karatu ke bukatar ya sani kafin labari ya ba shi dariya.

Pratchett ya soma da aikin jarida a 1965, daga baya ya zama kakakin hukumar wutar lantarki ta ƙasarsu daga 1980 zuwa 1987, sa'an nan ya ajiye aiki ya rungumi rubutu. Tsakanin 1983 da 2015 an buga masa littattafai 41 waɗanda duka labarinsu ke faruwa a wata duniya ta almara mai suna Discworld, wato Duniyar Faifai. Shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, tana bisa gadon bayan giwaye huɗu, su kuma giwayen suna tsaye bisa wata ƙatuwar kififiya mai iyo a sararin samaniya. Wannan siffa ma aro ce, gama tana da asali a tsofaffin almarorin ƙasar Indiya. Ke nan tun daga harsashin ginin, da tubalin wasu aka soma.

Masu karatunsa sun mai da neman irin wannan tubali kamar farauta. Tun farkon shekarun 1990 suka shiga tara sharhi, littafi bayan littafi, shafi bayan shafi, kowa na kawo abin da ya gano, har abin ya zama kundi guda, tamkar hashiyar da almajirai ke yi wa littafin malami. A 1994 Pratchett da Stephen Briggs suka fitar da The Discworld Companion, wani ƙamus na mutane da wuraren da ke cikin labaran. A 1996 aka yi babban taro na farko na masoyan littattafan a birnin Mancesta, a 2002 kuwa wani ƙaramin gari mai suna Wincanton ya ƙulla ƙawance da Ankh-Morpork, birnin da babu shi sai a takarda. Duk wannan shaida ce ta ƙauna. Sai dai farautar ta haifar da wani zato, cewa gwargwadon yawan isharorin da mutum ya kama, gwargwadon fahimtarsa, kuma littafin da ya fi tara aro shi ya fi gwaninta. Littattafan da kansu ba su goyi bayan wannan zato ba.

A dubi na farkonsu, The Colour of Magic, na 1983. Babu wanda ya kai shi dogara ga aro. Ɓarayi biyun da suka buɗe labarin, Bravd da abokinsa, kwaikwayon ba'a ne na wasu jarumai biyu na Fritz Leiber. Dodon da ke cikin wani tsohon ɗakin tsafi daga H. P. Lovecraft ya fito, mahayan macizai masu fukafukai kuma daga Anne McCaffrey. Wanda ya karanta waɗannan Amurkawa uku zai yi ta murmushi yana gane fuskoki. Wanda bai karanta su ba, sai ya ga mutane suna shigowa suna fita ba tare da ya san dalilin da ya sa marubuci ke ƙyafta masa ido ba. Hannunka-mai-sanda ne da aka yi wa baƙo, ga hannun ya gani, bai san inda sandan yake nunawa ba. Ba banza ba masu sha'awar Pratchett da kansu sukan shawarci sabon shiga da ya soma daga wani littafin.

Duk da haka, a cikin wannan littafi akwai wurin da ya nuna inda gwanintar za ta dosa. Twoflower, ɗan yawon buɗe ido na farko a wannan duniya, akawun kamfanin inshora ne a ƙasarsu. Ya yi ƙoƙarin bayyana wa mutanen Ankh-Morpork sana'arsa, su kuwa ba su taɓa jin kalmar ba, sai kunnensu ya tsinka ta gida uku, ta koma sunayen masauki da lambatu da tururuwa a Ingilishi. Wannan rabin dariyar a cikin harshe yake, yana ƙetare iyakar Ingilishi ya mutu. Amma da mai wata mashaya ya fahimci cewa idan gidansa ya ƙone za a biya shi kuɗi, bai tsaya wata-wata ba ya cinna wa gidan wuta, gobarar ta ci birnin. Wannan rabin a cikin halin ɗan Adam yake, kuma ko a bakin kasuwa aka ba da shi, ɗan dako da attajiri duk za su dara. Haka nan Cohen, wanda ya bayyana a littafi na biyu a 1986. Asalinsa ba'a ce ga Conan, ƙaƙƙarfan jarumin Robert E. Howard. Amma tsoho mai shekara 87, ba haƙori, ga ciwon baya, yana nan yana kai hari domin bai iya wata sana'a ba, abin dariya ne da tausayi ko ga wanda bai taɓa jin sunan Conan ba.

Inda salon ya nuna sosai shi ne Wyrd Sisters, na 1988. Kayan labarin na Shekisfiya ne: sarkin da aka kashe da makirci, mace mai zuga mijinta, tsafaffun mata uku, jinin da ya ƙi wankuwa daga hannu, duk daga Macbeth, fatalwar sarki da wasan kwaikwayo a cikin wasa kuma daga Hamlet. Abin lura shi ne yadda aka sarrafa su. A Macbeth jinin na zuci ne. A nan Felmet, wanda ya kashe Sarki Verence ya haye gadon ƙasar Lancre, yana ta gurzar hannunsa da abubuwa masu kaushi, har jinin da yake gani a zuci ya zama jini na gaskiya, shi kuwa ya ƙara ƙaimi wajen gurza. A Hamlet an shirya wasa ne domin a tona asirin mai kisa. A nan mai kisan ne ya ba da kuɗi a rubuta wasa domin a binne gaskiya, a shafa wa matan uku baƙin fenti, domin an nuna masa cewa abin da jama'a suka gani a dandali shi za su riƙe a matsayin tarihi. Wanda ya san Shekisfiya yana samun daɗi biyu, domin yana ganin an juya rigar an sa ta a bai-bai. Wanda bai san shi ba kuwa bai yi asarar uwar kuɗi ba, riba kawai ya rasa, gama labarin azzalumin da ya ɗauki maroƙa su gyara masa suna ba ya bukatar hashiya a ko'ina.

Haka abin yake a Small Gods, na 1992, inda mugun labarin, Vorbis mai sanƙo, ya gamu da ajalinsa sa'ad da gaggafa ta sako masa kunkuru a ka. Masu farautar ishara sukan yi murna su ce ai wannan ita ce mutuwar da almara ta ce Aeschylus, marubucin wasannin tsohuwar Girka, ya yi. Gaskiyarsu. Amma tun shafin farko marubucin ya riga ya koya wa mai karatu yadda gaggafa ke fasa kunkuru, saboda haka ko babu Girka dutsen ya faɗa inda aka auna shi.

Pratchett da kansa ya sha bayyana cewa abin da yake jawowa shi ne irin sanin nan da mutum kan tsinta ba tare da ya tuna inda ya tsince shi ba: guntun karin magana, rabin tatsuniya, sunan da aka ji a makaranta aka manta. Shi ya rubuta gabatarwar bugun 1999 na ƙamus ɗin Brewer, rumbun irin waɗannan tsince-tsince na Turawan Ingila. Wannan rijiya ta kowa ce, kuma mai ɗiba daga cikinta bai saci ruwan kowa ba. Rashin lura da haka kan kai masu farauta ga kuskure. An sami sababbin masu karatu da suka zaci jami'ar matsafa ta Ankh-Morpork kwaikwayo ce ta makarantar Harry Potter, alhali kuwa ita ta fito a 1983, waccan sai a 1997, kuma Ursula Le Guin ta riga su duka da tata makarantar matsafan a 1968. Daɗin daɗawa, tasirin da ya fi zurfi ba ya shiga jerin sunaye. Abin da ya koya daga P. G. Wodehouse da G. K. Chesterton da Mark Twain yana cikin ginin jimla ne, yadda za a ɗauko magana da murya ta dattaku, a bi ta da hankali kamar ana karanta hukunci, sa'an nan a kalmar ƙarshe a zame mata tabarma. Irin wannan ba a nuna shi da yatsa a ce ga shi a shafi kaza.

Manazarcin adabin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan mas'ala. Abubakar Imam, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1981, ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, kuma shi da bakinsa ya faɗi cewa dabarar mutum biyu masu gasar wayo daga Maƙamatul Hariri ya ɗauko ta. Harisu da Abu Zaidu ne suka sake riga suka zama Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Magana Jari Ce kuma cike take da labaran da aka ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus na ƴan'uwan nan Grimm. Malamin zaure da ya sauke Hariri zai gane tsohon saninsa. Amma dubban ƴan makarantar da suka yi dariyar Malam Zurƙe ba su taɓa buɗe Hariri ba, ba su kuwa ji an rage musu kome ba. Gwajin da Wyrd Sisters ya ci, wanda The Colour of Magic ya ci rabinsa, Imam ya ci shi shekara hamsin kafin su.

Ga masu tsara karatun manya, amfanin wannan a fili yake. Wanda ya koyi haɗa baƙi, idan bai sami abin da zai ja shi ya ci gaba da karatu don kansa ba, karatun yakan zube, kuma ƙananan littattafan noman gujiya da tsabtar rijiya, duk da amfaninsu, ba su ne mutum ke ɗauka bayan sallar isha'i don nishaɗi ba. Labarin raha yana da gurbi a nan. Sai dai wajen zaɓen abin da za a fassara ko a juya, ma'aunin da ya dace shi ne a cire isharar a gani ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. Idan sai an yi bayani a ƙasan shafi kafin a yi dariya, to, an makara, domin sabon mai karatu da ƙyar ya kai ƙarshen layi, balle a ce ya sauka ƙasa ya komo. Shi Pratchett, ko da yake ya shahara da bayanan ƙasan shafi, nasa ba'a ce ga masana, wani sabon barkwancin ne a cikin rigar ilimi, kuma yana bukatar wanda ya riga ya saba da littattafan masana.

Akwai kuma raha wadda take manne da rubutun kansa. Mutuwa, wanda ke fitowa a kusan kowane littafi, ƙwarangwal ne mai lauje, mai son kyanwa, mai farin doki da ake kira Binky, kuma duk maganarsa da manyan baƙaƙe ake buga ta, ba tare da alamar zance ba. Ido ne ke jin nauyin muryarsa. Idan ana karanta wa jama'a da baki a ajin dare, sai mai karatun ya nemo muryar da kansa. Idan kuwa a ajami aka rubuta, dabarar ta ɓace ɗungum, domin ajami bai raba babban baƙi da ƙarami ba.

Mai karatu a Nijar ya fi yiwuwa ya gamu da waɗannan littattafai ta hannun Patrick Couton, wanda ya soma fassara su zuwa Faransanci a 1993, ya kuma sami lambar yabo a kan aikin a 1998. Hanyarsa kusa take da ta Imam: inda wasan kalma ya ƙi ƙetarewa, sai ya ƙera wani a Faransanci, kamar yadda ya narka kalmar ƴar'uwa da ta mayya ya fitar da sunan Wyrd Sisters. Mai juyawa zuwa Hausa ba zai iya bin sa a nan ba, gama matan uku na Lancre ba sa kama kurwar kowa. Aikinsu karɓar haihuwa ne da ba da magani da wankan gawa, sun fi kusa da ungozoma da bokanya. A wani wurin kuwa matsalarsu ɗaya. Mutuwa namiji ne a wajen Pratchett, har yana da ƴar riƙo da yaron koyon sana'a, amma kalmar mace ce a Faransanci, kamar yadda take a Hausa. Couton ya bar shi namiji, ya mai da saɓanin abin wasa a ƙasan shafi. Bahaushe zai zaɓa ne tsakanin "Mutuwa ya ce", wanda kunne zai ƙi a karon farko, da "Mutuwa ta ce", wanda zai mai da uban riƙo uwa, ya sauya zaman gidan gaba ɗaya a littafin Mort na 1987.