Laifin Ba Na Fiyano Ba Ne

Shekaranjiya muna zaune wurin mai shayi a titin Faisal, nan Giza, wani tuk-tuk ya wuce, wato adaidaita sahun Masar, ya ƙure sauti kamar zai tsaga titi. Abokina ya ja tsaki ya ce wai wannan ba kiɗa ba ne, latsa na'ura ne kawai. Jama'a, maganar nan ta ishe ni. Na ji ta a Kano, na ji ta a Zariya, ga shi ta biyo ni har bakin kogin Nilu. Ina komawa gida na kunna Kahraba, don in huce.

Wanda bai san shi ba, faifan Islam Chipsy ne da ƙungiyarsa EEK, na farko da suka naɗa a situdiyo. Kamfanin Nashazphone ya fitar da shi a 2015. Kahraba da Larabci lantarki ke nan, kuma suna ya bi jiki. Kiɗa huɗu ne, babu mawaƙi, babu baiti ko ɗaya. Chipsy ɗan Imbaba ne, unguwar talakawa a wannan tsallake na Giza, kuma a bukukuwan aure na kan titi hannunsa ya faɗa, inda ake tare lungu a jera kujeru a rataya fitilu.

Ku nemi bidiyonsa ku kalli hannayen nan. Yana dukan fiyano da tafin hannu, yana sa dunƙule, yana share ta daga wannan kai zuwa wancan, gumi na zuba. A dama da hagunsa makaɗa biyu, Khaled Mando da Islam Ta'ta', kowa da gangunansa, suna kora shi yana kora su. Ku saurari "Mouled Saidi" ku ji yadda fiyano ke kukan mizmar, 'yar'uwar algaitarmu, kamar kana tsakiyar taron maulidi a kudancin Masar. Wannan ne latsa na'ura? Haba Malam!

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke ɗora wa kayan aiki laifin mai aiki. A gida kullum kukan ɗaya ne: fiyano ta kashe kalangu, fiyano ta kashe kuntigi, tun da Shata ya rasu a 1999 kiɗa ya bi shi. To fiyano ce ta kori makaɗi daga situdiyo? Mu muka kore shi, don kada a biya shi. Mai haɗa sauti ya danna kiɗan da kamfani ya ajiye a cikin na'ura, ya tafi cin abinci, waƙa goma su fito da gindi ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Chipsy da irin wannan fiyano yake aiki, amma bai sallami masu ganga ba. Ya ma ƙara, ya ajiye biyu. Bambancin ke nan, babu wani.

Na yarda akwai shara a cikin kiɗan titin Masar. A Fabrairun 2020 ƙungiyar mawaƙan ƙasar, ƙarƙashin Hani Shakir, ta hana mawaƙan mahraganat, wato wannan kiɗan titi, hawa dandamali saboda baitin giya da wiwi da Hassan Shakush da Umar Kamal suka rera a filin wasa na Alƙahira. Bakin mawaƙi ne ya yi ɓarnar nan. Ina ruwan fiyano?

Fiye da shekara goma ke nan da fitowar Kahraba, har yau in na kunna shi ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. Da yawa daga waƙoƙin nanaye da muka yi yayi a waccan shekarar kuwa, ko amshinsu an manta. Abin da hannu ya sha wahala a kansa ba ya saurin tsufa.

Masu situdiyo na Kano da Kaduna, don Allah ku ji. Makaɗan kalangu suna nan da ransu, masu kotso da duma suna nan, wasunsu babu aikin yi. Ku kira su, ku ba su kujera kusa da fiyano, ku biya su haƙƙinsu. Ku kuma masu tsaki, ku saurari faifan nan daga farko har ƙarshe, sannan ku zo mu yi magana.